Darasi na 14: Rawanin Soro da Alhakin Jini

Kafin a soma darasi, a karanta Kubawar Shari'a 22:8, da Fitowa 21:28-36, da Luka 13:1-5. Ayar haddacewa ita ce ta fari.

Ayar da mu ke dubawa yau gajeriya ce, mai karatu kuwa ya kan wuce ta da sauri, gama tana zaune tsakanin dokar sheƙar tsuntsu da dokar shuka a gonar inabi. A cikinta Ubangiji ya umarci Isra'ila ta bakin Musa, cewa mai ginin sabon gida ya kewaye bakin rufin da gajeren bango. Dalilin da aka bayar shi ne, in wani ya faɗo ya mutu, alhakin jininsa a kan gidan za ya sauka.

Mutumin ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani a nan. Gidajen Kan'ana soraye ne masu shimfiɗaɗɗen rufi, kamar na Kano da Zariya, bisa rufin kuma a kan yi shanya, a yi hira, a kwana lokacin zafi. A kan rufi ne Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asiri, a kan rufi kuma Bitrus ya hau yin addu'a a Yafa. Maginanmu suna kiran wannan gajeren bango rawani. Kalmar Ibraniyanci da a ke juya ta haka ba ta sake fitowa ko'ina cikin Littafi Mai Tsarki ba, sai a wannan wuri kaɗai. Malaman Yahudawa na baya suka ƙayyade tsawonsa, suka ce kada ya gaza tafin hannu goma, watau kusan mita ɗaya. Abin lura ne, injiniyoyin zamaninmu ma kusan wannan awo su ke ba shingen ƙarfe da a ke sa wa bakin bene.

Sarki Hammurabi na Babila, wanda ya yi zamani wajen shekara 1750 kafin haihuwar Almasihu, yana da doka a kan gini shi ma: in gida ya rushe ya kashe mai shi, a kashe maginin. Doka ce mai tsanani, amma tana jira sai an yi gawa tukuna. Dokar Musa ta riga haɗarin zuwa. Ba ta jira kowa ya faɗi ba, sai ta sa rawani cikin abin da a ke kira gida. Soro marar rawani, a gaban Allah, gini ne wanda ba a gama ba, ko da an shafa masa farar ƙasa an tare a ciki.

Fitowa 21 ta ƙara mana haske da misali biyu. Wanda ya haƙa rami, ko ya buɗe shi bai rufe ba, har sa ko jakin maƙwabci ya faɗa, shi za ya biya. Na biyun ya fi nauyi. In sa ya soki mutum ya mutu, a kan jajjefe san, mai shi ya kuɓuta. Amma in an san san da halin suka tun dā, aka kuma faɗakar da mai shi bai ɗaure shi ba, to, ran mai shi ma yana cikin hukunci, sai fa in an yanka masa fansa ya biya. Ku lura da abin da ya raba hukuncin biyu. San ɗaya ne, mamacin ma ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne sani. Wanda ya san haɗari, yana kuma da ikon kawar da shi, ya ƙyale, wannan ne Shari'a ta ke nema.

Yanzu bari mu dawo gida. Tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, hanyar da ta tashi daga Keffi ta bi Masaka da Mararaba zuwa Nyanya ta zama kamar filin gini guda. Da asuba motoci su kan kwashi birkiloli da kafintoci da masu walda da leburori, da yawansu 'yan ikkilisiyoyinmu ne. Cikin Keffi kanta, zuwan jami'ar jiha ya sa ana ta tā da benaye domin haya ga ɗalibai. Wanda ya tsaya ya dubi irin wannan aiki za ya ga saurayi ɗauke da kwanon kankare a ka, yana hawa kan katako guda wanda aka ɗaura da igiya, ƙafarsa da silifa, kansa ba hular kwano, bakin benen kuma a buɗe. Rawanin da ayarmu ta ke magana a kai, a nan sanda biyu ne da 'yan ƙusoshi. Kuɗinsa bai kai na buhun siminti biyu ko uku ba, amma sau da yawa a kan ce a bari sai an gama.

Akwai kuma gaggawa. Kankare ya kan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da a ke lissafta masa. Mai gini yana so ya ga bene na biyu, ɗan kwangila yana so ya kai katakon tokara wani wuri, sai a cire su da wuri, a rage rodi, a ƙara yashi. Ranar 12 ga Yuli 2024 benen wata makaranta ya rushe a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka mutu, yawancinsu yara. Ba guguwa aka yi ba, ba girgizar ƙasa ba.

Batun rami ya fi wannan kusa da mu. Jihar Nasarawa, wadda aka kafa a 1996, ana yi mata kirari da gidan ma'adinai. Tun zamanin Turawa a ke haƙar kuza a Udege da kewaye. A 'yan shekarun nan wani dutse ya fito da a ke kira litiyam, wanda a ke yin batirin waya da na mota da shi, duniya kuma tana nemansa ido rufe. A 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a ƙaramar hukumar Nasarawa. A Disamba ta wannan shekara kuma kamfanin labarai na AP ya ba da labarin ramukan Pasali, inda maza ke shiga ƙarƙashin ƙasa da guduma da kurfi, ana fasa dutse da nakiya, ƙananan yara waɗanda ya kamata suna makaranta suna zaune a bakin rami suna tsintar dutse. A watan Yuni na shekarar, bayan ruwa mai yawa, ramin haƙa ya rufta da mutane da dama a Galkogo cikin ƙasar Shiroro, jihar Neja.

Ƙasa tana da nauyi fiye da yadda ido ke gani. Abin da ya cika mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ya fi tan ɗaya. In ta danne ƙirjin mutum, ko kansa yana waje ba shi iya jan numfashi. Rami mai miƙaƙƙen bango wanda ba a tokare ba, da damina, kabari ne da ke jiran mai shi. Tsofaffin masu haƙar rijiya sun san abu na biyu, watau mugun iska: su kan zura fitila tukuna, in ta mutu ba mai shiga. Jikokinsu sun bar fitila, suna zura injin jan ruwa mai shan fetur cikin rijiya, hayaƙinsa kuwa yana kashewa ba wari ba gargaɗi. Sau da yawa gawa biyu ko uku a kan fitar, gama ɗan'uwa ya kan faɗa ceton ɗan'uwansa ba igiya a ƙugu. Ƙurar dutse ita ba ta gaggawa. Ta kan shekara tana taruwa cikin huhun mai fasa dutse har numfashi ya gagare shi, ba ta kuwa da magani. Yayyafa ruwa a wurin fasawa yana rage ta ƙwarai.

Haɗarin ba ya tsayawa a bakin rami. A Zamfara a 2010, masu haƙar zinariya suka riƙa kawo dutsen gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, ba su sani ba akwai dalma a ciki. Yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waɗannan iyaye ba su sani ba, muna jin tausayinsu. Mu kuwa yanzu mun sani. A Filato ma tsofaffin ramukan kuza na Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda kamfanoni suka bari a buɗe suka tafi, sun cika da ruwa, suna cin mutane da shanu shekara da shekaru. Fitowa 21:33 kamar dominsu aka rubuta ta.

A nan wani za ya ce, ai kwana ne ya ƙare, wanda ajalinsa ya yi ko cikin ɗaki ya ke sai ya tafi. Maganar tana da gaskiya a ciki, kada mu rena ta. Ranakunmu suna hannun Allah, wannan kuwa ta'aziyya ce ga gwauruwa da marayu, ba za mu ƙwace musu ita ba. Amma a bakin mai ginin da ya hana kuɗin katako, maganar nan ta zama mayafin laifi. Allah wanda ya ƙidaya kwanakinmu, shi ne kuma ya ce a gina rawani. Bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Sa'anda Shaiɗan ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya diro tun da mala'iku za su tare shi, har ya kawo Zabura shaida, Yesu ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah (Matta 4:5-7). Mai bi wanda ya yi addu'a da safe, sa'an nan ya hau tsani mai karyayyen mataki yana cewa Allah na nan, ya karɓi shawarar da Ubangijinsa ya ƙi.

Luka 13 ta tsare mu daga wani kuskure dabam. Hasumiyar Siluwam ta faɗi ta kashe mutum 18, mutane kuwa suna zaton waɗannan sun fi sauran mazaunan Urushalima zunubi. Yesu ya ce ba haka ba ne, ya juyar da maganar kan masu sauraro, ya kira su ga tuba. A wurinmu zargin ya kan ɗauki wata kama. A kan ce wanda ƙasa ta rufta masa an yi masa sammu, ko ramin yana neman jini kafin ya ba da arziki, har a nemi tsohuwar da za a ɗora wa laifi. Muddin ana neman maye, ba mai tambayar wanda ya ce a ci gaba da haƙa bayan an ga tsaga a bango.

Ma'aikaci yana da nasa rabo, ba mu ɓoye ba. Wanda aka ba shi hular kwano ya rataye ta a kan babur, da wanda ya sha ƙwaya ko burkutu domin ya ji ƙarfin shiga rami, da helman da ke yi wa yaro dariya domin ya nemi igiya, dukansu za su ba da lissafi. Duk da haka mun ga Shari'a ta ɗora nauyin a kan mai gida, ba a kan baƙon da ya hau rufi ba, muna kuma ganin hikimar wannan. Leburan da a ke biya da yamma, wanda iyalinsa ba za su ɗora tukunya ba sai ya dawo, ba shi da bakin cewa katakon nan ya ruɓe. In ya faɗa, akwai goma a bakin titi masu jiran wurinsa. Wanda ke riƙe da kuɗi shi ne mai iya cewa a dakata.

Wannan ya kawo mu ga ikkilisiya kanta, gama mu ma masu gida ne. Kusan kowace ikkilisiya a ƙasar Keffi tana da gini a hannu, ɗakin sujada, ko gidan fasto, ko makaranta, yawanci kuwa da aikin gayya a ke yi. Aikin gayya abu ne mai kyau. Amma ranar zuba kankare mu kan ga matan zumunta da goyo a baya suna wucewa ƙarƙashin masu jifan bulo, da yaran makarantar Lahadi a kan bango, ba kuwa wanda aka sa ya lura. Kwamitin gini ya kan ƙi biyan injiniya, a ce wani ɗan'uwa ya taɓa aiki a Abuja, ya isa. A Satumba 2014 masaukin baƙi na wata babbar majami'a ya rushe a Ikko, mutum 116 suka mutu. A Disamba 2016 rufin wata majami'a ya faɗo a kan masu sujada a Uyo. Sunan Allah a bisa ƙofa bai taɓa ƙara wa rodi kauri ba.

In kuwa haɗari ya riga ya auku, Fitowa ta ce a biya. Dokar ƙasa ma ta faɗi haka. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ba da aiki ya zuba kashi ɗaya bisa ɗari na albashin da ya ke biya cikin asusun da hukumar NSITF ke riƙewa, domin jinya da diyya. Leburan yini da mai haƙar daji kusan ba su taɓa ganin wannan ba. Abin da mu kan gani shi ne, a ba iyali buhun shinkafa da kuɗin akwati, a ce su yi haƙuri. In mai ginin ɗan ikkilisiya ne, aikin dattawa ne su zauna da shi, ko shi ne ya fi kowa baiko, su tambaye shi wa za ya biya kuɗin makarantar marayun.

Mai jagorar darasi ya bar magina da masu haƙa da ke cikin taron su fara magana, gama sun fi mu sanin wurin aikinsu. Sa'an nan a tattauna waɗannan: Wane haɗari ne kowa ya sani a wurin aikinka, aka kuma faɗa wa mai aikin bai gyara ba? In ɗan'uwa ya ƙi shiga rami domin ya ga tsaga, aka kore shi, me ikkilisiya za ta yi wa iyalinsa a makon nan? Kafin taro mai zuwa, mutum biyu su zaga filin ikkilisiya da ginin da a ke yi, su dubi rijiya, da ramin salga, da tsani, da wayar lantarki, su kawo wa dattawa abin da suka gani a rubuce.