GONAR GADO AMANA CE, TAKARDA BA TA HALATTA HARAM

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Magajin ƙasa da abin da ke kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ’yan’uwa Musulmi, kowace shekara idan damina ta kusato, mukan ga ’ya’yan mutum ɗaya sun cika ƙofar mai gari a kan gonar uba. Daga Madarunfa zuwa Ɗan Isa, Gabi, Safo da Jiratawa, jama’a ta yawaita, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa, balle fadamun Gulbin Maraɗi.

Tun da aka kafa dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993, akwai hukumomin filaye, wato Kofo, masu ba da takardar shaidar mallaka, da ta saye, da ta aro, da ta jingina. Wannan alheri ne, domin aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koya mana rubutu da kafa shaidu. Amma wani babban wa, da uba ya rasu, sai ya je ya sa sunansa shi kaɗai a takarda, ƙanne suna ci-rani a Kano, mata suna gidan aure.

Mu ji tsoron Allah! Rabon gado ba a bar wa kowa shi ba, Allah da kansa Ya yanka shi a Suratun Nisa’i, aya ta 11 da 12 da 176. A fara biyan bashi, a zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Matar mamaci tana da tumuni idan akwai ’ya’ya, rubu’i idan babu. ’Ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji, kuma gona tana cikin gado. Ba ta dammai biyu na hatsi bayan girbi ba ya sauke haƙƙinta, sai in ta yafe da yardar ranta.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi har ƙasa bakwai ranar Alƙiyama. Hatimi ba ya ceto a ranar nan.

Saboda haka, mu raba gado da wuri, a gaban malami masanin fara’ili, da mai gari, da dukan magada. Sannan a rubuta kowa da rabonsa, har marayu.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin ɗan’uwa, Ya gyara zumuncinmu, amin. Wassalamu alaikum.