A BAR TSOHO A ƊAKINSA, MU MU JE GARE SHI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, akwai tambayar da ake yawan turo mini, kuma kusan kullum da siga ɗaya take zuwa. Mutum yana aiki a Abuja ko Legas, mahaifiyarsa ta tsufa a gida, ya yi juyin duniya ta koma wurinsa ta ce ita babu inda za ta. In ya bar ta, yana jin ya saɓa wa Allah. In ya ɗauko ta, yana ganin ranta ba ya so. To ina mafita?

Ni dai abin da nake fara tunawa shi ne ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira. Sayyidina Abubakar (RA) ya riƙo hannun mahaifinsa Abu Ƙuhafa, tsoho tukuf, idonsa ya tafi, ya kawo shi wurin Annabi (SAW). Da Annabi ya gan shi, sai ya nuna cewa da an bar dattijon a gidansa, shi da kansa zai taka ya same shi. Wannan fa shugaban da Makka ta faɗo hannunsa ne a ranar, dattijon kuwa ko musulunta bai yi ba tukuna.

Mu matasa muna ganin ɗakin tsohuwa ginin ƙasa ne kawai, ga yoyo, ga sauro. Ita kuwa a nan ta san inda butarta take ko da cikin duhu. A nan maƙwabciyar da suka yi shekara arba'in tare za ta leƙo su gaisa. A nan ake zuwa neman shawararta in za a yi aure, a sanar da ita in an yi rasuwa. A unguwarta ita Hajiya Babba ce. Ka kai ta bene hawa na uku, ka fita tun asuba, matarka ta tafi aiki, yara suna makaranta, mai gadi ya rufe ƙofa, ta zama baƙuwar da aka ajiye gaban talabijin. Abinci mai kyau, gado mai laushi, amma sai ka ga tana ramewa, kullum zancenta yaushe za a mai da ita gida. Wallahi sau da yawa ɗaukowar nan don hankalinmu ya kwanta ne, da kuma gudun bakin mutane, ita ba a ma tambaye ta ba.

Wani zai ce, ai ayar Suratul Isra'i ta ambaci iyaye suna tsufa a wurin ɗansu. Haka ne. Amma Baidawi a tafsirinsa ya bayyana ma'anar da cewa su kasance cikin kulawarka da ɗaukar nauyinka. Wanda ya ajiye uwarsa a ɗakin baya na gidansa, yana kwana uku bai zauna da ita ba, ayar ba ta wanke shi ba. Wanda kuma ya bar ta inda take so, ya tsaya kan cinta da shanta da maganinta, yana zuwa yana kira, ban ga ta inda za a ce ya yar da ita ba.

Sai maganar kunya. Mutanenmu suna jin nauyin a ce wani bare ne yake yi wa iyayensu hidima, kamar gazawa ce. Ku buɗe Muhtasar na Shaihu Khalil, babin ciyarwa. Ya wajabta wa ɗa mai hali ciyar da iyayensa marasa hali, ya kuma haɗa har da ciyar da mai yi musu hidima. Ashe tun tuni malamanmu sun san cewa ɗa ba zai iya komai da hannunsa ba. Ɗaukar mace mai amana ta riƙa kwana da tsohuwa, ana biyanta haƙƙinta a kan lokaci, yana cikin biyayya. Abin da kuɗi ba ya saye shi ne muryarka da fuskarka, wannan kam babu wakilci a ciki.

To wanda ba shi da ɗa fa? Ko wanda 'ya'yansa su ma da ƙyar suke ci? Nan ne nauyin yake dawowa kan jama'a. Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar (RA) ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya ɗauke masa jiziya, ya sa a riƙa ba shi daga baitulmali. Malaman tarihi kuma sun kawo yadda Umar ɗin yake shiga gidan wata tsohuwa makauniya da dare yana yi mata aikace-aikacen gida. Ku lura, a gidanta yake samunta.

Wasu ƙasashe sun mai da wannan tsari. A Ingila, lokacin yaƙin duniya na biyu, mata 'yan sa-kai suka fara kai dafaffen abinci gidajen waɗanda ba sa iya girki, abin ya bazu har Amurka, kuma ana yi har yau. Rabin amfaninsa ƙwanƙwasa ƙofar ne: kullum akwai wanda zai ga ko tsoho ya tashi lafiya. Japan kuwa tun shekarar 2000 ta kafa inshorar kula da tsofaffi, wadda ake fara biya daga shekara 40, a turo wa tsoho mai taimako har gida, a kafa masa ƙarfen dafawa a bango. Mu ma ai muna da namu tun kafin nan. Kwanon tuwon da ake aika wa tsohuwar unguwa da magariba, da jikan da ake bai wa kaka ya riƙa yi mata aike, mene ne in ba wannan ba? Mu ne muka yi sakaci, dogayen katangu suka raba mu.

Shi ya sa nake ganin kowane masallacin khamsu-salawati ya kamata ya san adadin tsofaffin da ke kewayensa, da wanda yake kwana shi kaɗai. Kwamitin da ya iya tara kuɗin tayil da fanka ba zai gaza wannan ba. Yawancin abin da ke raba tsoho da gidansa ƙanana ne. Masai na tsuguno ne gwiwa ta daina ɗauka, sai a yi masa na zama. Santsi ne a makewayi, faɗuwa ɗaya ƙugu ya karye, daga nan sai kwanciya. Maganin hawan jini ne ya ƙare babu mai sayowa. Yanar ido ce da aiki ƙarami zai cire, amma babu mai raka shi asibiti. A biya mai ga-ruwa kuɗin wata. Ma'aikaciyar jinyar da ke unguwa ta ba da awa ɗaya ranar Asabar ta auna jini da suga. 'Yan agaji su tura keken dattijo zuwa Juma'a. Matan Islamiyya su raba kwanaki a tsakaninsu, mace ta kula da mace, namiji ya kula da namiji, kuma abin da aka gani a ɗakin tsoho amana ne, ba labarin majalisa ba ne, balle a ɗauki hotonsa a sa a Facebook don neman tallafi.

Akwai fa iyaka. In gigin tsufa ya kama mutum, yana fita ya ɓace, yana barin wuta a kunne, to zamansa shi kaɗai cutarwa ne, ko da ya ce yana so. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likita ake kai wa, kuma ku ji tsoron Allah masu jifan irin waɗannan tsofaffi da maita. A nan dole wani ya tare da shi, ko a ɗauke shi. Ko a nan ɗin ma, kafin a haɗa kayansa, 'ya'ya su zauna su tambayi junansu: cikinmu wa zai iya komawa gida?

Wallahu a'alam.