Kada Tausayi Ya Naƙasa Hannun Yaronka

Ɗana, idan hunturu ya kama, daga Gaya har ƙauyukan Ajingi ba gidan da ba a hura wutar jin ɗumi da asuba. Ga kaskon garwashi a tsakar ɗaki, ga tukunyar kunu an sauke a ƙasa, mai rarrafe kuwa duk abin da ya gani hannu yake fara kai masa. Manya ma ba su tsira ba. Ba mu manta da gobarar tankar fetur ta Majiya a Jigawa ba, a watan Oktoba na 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150, ta bar wasu da jinyar ƙuna.

In tsautsayi ya faɗa, ka zuba ruwa mai sanyi, mai tsabta, har minti 20. Ka cire zobe da awarwaro tun hannu bai kumbura ba. Ɗanyen ƙwai, ƙullu, baƙin mai, man goge baki, duk ka bar su, ka nufi asibiti.

Amma abin da ya fi damuna shi ne bayan an sallamo ku. Ciwo ya rufe, 'yan dubiya sun yi barka, kowa ya ce an warke. Wallahi da saura. Tabon ƙuna mai zurfi kamar ɗanyar fata yake da aka bari a rana ba a kafe ta ba: kullum ƙara ƙanƙancewa yake, yana jan yatsu zuwa cikin tafi, kuma yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu yana wannan aiki. Yaro shi ma dunƙule hannun yake yi, don a haka ya fi jin sauƙi. Kafin ku farga yatsu sun ƙage, wasu sun manne da juna. Musamman ciwon da ya wuce mako uku bai rufe ba, shi ne mai barin tabo mai kauri.

Maganin yana da zafi. Masu gashin ƙashi za su koya muku miƙe yatsu ɗaya bayan ɗaya, a ware babban yatsa daga sauran, a murza tabon da mai, a ɗaura abin da zai riƙe hannun a buɗe da dare. Ka zaunar da yaron a cinyarka, ka kama ɗan yatsan ka miƙe a hankali har tabon ya yi fari-fari, ka riƙe. Zai yi kuka, zai kira ka da "Baba, bari!" Kakarsa za ta fito ta ce, "Haba, ku ƙyale yaron nan ya huta, bai sha wuya ba ne?" Ka ba ta haƙuri cikin ladabi, ka ci gaba. Da wannan hannun zai riƙe alƙalami a makarantar allo, da shi zai riƙe fartanya, in mace ce da shi za ta tuƙa tuwo ta ɗinka hula.

Wataƙila ka ji labarin wata na'ura da ake ɗora wa tabo. Gaskiya ne akwai ta. Asalinta ta fasa tsakuwar ƙoda ce, an fara amfani da ita a birnin Munich na Jamus a 1980. Daga baya aka rage mata ƙarfi, ana shafa wani mai a fata, a ɗora kanta, tana aika bugun sauti cikin nama, ba wutar lantarki ba. Likitocin wani asibitin masu ƙuna a Seoul, Koriya ta Kudu, sun wallafa a 2020 cewa ta rage ciwo da kaurin tabon hannu, motsi ya ƙaru. Sai dai ka lura: waɗanda aka yi wa, duk suna kan gashin da aka saba, na'urar ƙari ce kawai. Ba a kowane asibiti ake samunta ba, kuma yatsun da suka riga suka manne ba za ta raba su ba, sai tiyata da dashen fata.

Don haka ka fara da Babban Asibitin Gaya. In ƙunar ta taɓa tafi ko gaɓoɓin yatsu, ka nemi takardar tura ku Kano, Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin gyaran fata da masu gashi. Na san kuɗin mota ta Wudil da na magani ba wasa ba ne a wannan zamani. Ko da sayar da akuya ne, ka je, kuma ranar da aka ce ku dawo kada ka ɗaga ta zuwa bayan girbi. Allah ya tsare mana zuri'a.