Kati Ɗaya, Yara Shida

Duk shekara idan Disamba ta kama, iyalai da yawa a Turai da Amurka sukan sayi ɗan katin Kirsimeti mai araha, su zaunar da 'ya'yansu su rubuta layi biyu ko uku, su miƙa wa ƙungiyar agajin da ta haɗa su da wani yaro a ƙasa mai nisa. Wata-wata suna biyan wani abu da sunan yaron, hotonsa kuma yana manne a jikin firjinsu. Wasu daga cikin katunan a nan Bangui suke ƙarewa, na kuma ga irinsu a hannun yara a unguwarmu ta Kokoro, nan Kilomita Biyar. Tambayar da nake so mu tauna ita ce, shin wannan 'yar takarda alheri ce ga yaron, ko kuwa rasit ce da mai bayarwa yake yankar wa zuciyarsa?

Tsarin nan yaƙi ne ya haife shi. Ƙungiyar da yanzu ake kira Plan International ta fara ne a 1937 domin yaran da yaƙin basasar Sifaniya ya tarwatsa. World Vision da aka kafa a 1950 da Compassion da ta biyo baya a 1952, marayun yaƙin Koriya ne suka ɗora su a kan wannan hanya. Kada kuma wani ya ce wannan harkar Nasara ce kawai. Mu ma muna da kafalar marayu, kuma ƙungiyoyi irin wadda marigayi Dakta Abdurrahman As-Sumait na Kuwait ya kafa sun daɗe suna haɗa maraya a Afirka da mai ɗaukar nauyinsa a ƙasashen Larabawa, da hoto da rahoto da komai. Duk abin da zan faɗa a kan katin Kirsimeti, ya hau kan katin Sallah.

Suka ta farko ta 'yan kasuwa ce, kuma Kilomita Biyar ba ta rasa su. Katin Yuro biyu ya kai sefa dubu ɗaya da ɗari uku. Ƙara kuɗin jirgi, da albashin wanda zai fassara shi daga Turanci ko Jamusanci zuwa Faransanci, da man babur ɗin wanda zai kawo shi ya karanta wa yaron da Sango, alhali ma a gida Hausa ko Fillanci ko Larabcin Cadi yake ji. Da an haɗa kuɗin nan, ai da an sayi littattafan rubutu da biro, ko garin rogon da za a tuƙa gozo. Tun a 1982 mujallar New Internationalist ta fitar da bugu guda tana roƙon masu karatu kada su shiga tsarin ɗaukar yaro ɗaiɗai, kuma tsadar wasiƙu tana cikin hujjojinta.

Lissafin daidai ne, amma bai gamsar da ni ba. Mai lissafin yana ɗauka cewa idan an hana katin kuɗin zai ci gaba da zuwa, alhali sau da yawa fuskar yaron da amsarsa su ne igiyar da ta ɗaure mai bayarwa shekara goma. Sannan akwai abin da ba a auna shi da mudu. Wanda ya zauna a garin nan daga ranar 5 ga Disamba 2013 ya san yadda mutum yake komawa lamba. Mutane kusan dubu ɗari sun tare a filin jirgin sama na M'Poko, manyan motoci sun kwashe Musulmi zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage a Kilomita Biyar ko maƙabartarsu ta Boeing ba sa iya kaiwa sai a 2016. Yaran da suka tashi a wannan lokaci an ƙirga su ba adadi: a layin shinkafa, a layin riga-kafi, a takardar masu gudun hijira. An ƙirga su, amma ba a kira su ba. Sai ga ambulan da sunan yaro a bayanta, shi kaɗai, daga wani wanda bai taɓa gani ba. Na ga yarinyar da ta ajiye nata a cikin ledar da uwarta take adana takardar asibiti. Masanin tattalin arziki Bruce Wydick da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2013 a kan yaran Compassion a ƙasashe shida, suka ga waɗanda aka ɗauki nauyinsu sun fi daɗewa a makaranta, suka kuma danganta wani ɓangare na hakan da yadda burin yaran ya ɗaukaka. Mu tun da can mun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Inda abin ya fi damuna ba a kasuwa ba ne, a tsakar gida ne. Maraya a wurinmu ba shi kaɗai yake zaune ba. Baffansa ko kawunsa ya ɗauke shi ya haɗa da nasa biyar, tukunya ɗaya, tabarma ɗaya, kuma talaucin da yake ciki su ma a ciki suke. Matar gidan ta shekara tana ƙoƙarin kada a ga bambanci, ko ɗinkin Sallah yadi ɗaya take yanka musu. Rana ɗaya sai baƙo ya yi sallama da ambulan guda, ya kira suna guda, ya ɗauki hoto guda. Biyar suna tsaye suna kallo. Wane darasi suka koya? Cewa da ubansu ya mutu, da su ma an san da su. Shi kuma mai katin an tuna masa, a gaban kowa, abin da gidan yake ta ƙoƙarin mantar da shi. Wanene a cikinmu zai shiga gida ranar Sallah ya ba yaro ɗaya goron Sallah ya tsallake sauran? Ko sefa ɗari ce da kai sai ka nemi canji. Iyalin da suka aiko katin ba mugaye ba ne. A tunaninsu yaro yana da ɗakinsa da akwatinsa. Ba su san tsakar gidanmu ba, kuma wanda ya karɓi kuɗinsu bai ga dalilin gaya musu ba.

Batun addini kuwa, ban ɗauke shi da zafin da wasu iyaye suke ɗaukarsa ba, ko da yake na san daga inda zafin ya fito, a garin da aka kashe mutane saboda sunansu, aka kuma kai hari cocin Fatima da ke kusa da mu har sau biyu, a 2014 da 2018. Kafin fitina naman layya yana tsallaka katanga zuwa gidan maƙwabci Kirista, abincin Kirsimeti ya tsallako, ba wanda ya sauya alƙibla. Imam Omar Kobine Layama ya samu mafaka a gidan Akbishop Dieudonné Nzapalainga a lokacin da ake farautar Musulmi, Fafaroma Francis kuma ya shigo babban masallacinmu ranar 30 ga Nuwamba 2015. Mutum ya gaishe ka ranar farin cikinsa ba laifi ba ne. Laifi yana farawa ne idan gaisuwar ta zama ƙugiya, aka rataya kuɗin makarantar yaro a jikinta.

Sai dai kwanon maƙwabci yana da wata siffa da katin ba shi da ita: ba ya komawa wayam. Ko ƙuli-ƙuli ne za a sa a ciki. Bahaushe ya ce yaba kyauta tukuici, kuma hikimar tukuici ita ce wanda aka yi wa kyauta shi ma ya zama mai bayarwa nan take, ba a bar shi da tafin hannu a buɗe ba. Za a ce ai yaron yana rubuta amsa. Na taɓa ganin yadda ake rubuta irin wannan amsa a wani wuri da ba zan ambata ba: an tara yara a aji, an rubuta godiyar a allo, kowa ya kwafa ya sa sunansa, wanda bai zo ba a aika a nemo shi domin ofis yana jira. Wannan ba tukuici ba ne, haraji ne. Alƙur'ani ya yi gargaɗi a Suratul Baƙara a kan ɓata sadaka da gori, malamin Yahudawa Musa bin Maimun kuma ya fifita sadakar da mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba a kan wadda suka san juna. Godiyar da aka sa wa wa'adi, a ganina, gori ce mai ladabi, ko da mai bayarwa bai taɓa nufin haka ba.

To, ban ce a daina aiko katin ba. Wanda ya ga ledar yarinyar nan ba zai iya faɗin haka ba. Abin da nake nema shi ne a gyara hanyar da yake bi. A 2019 World Vision ta fara wani tsari da ake jera hotunan masu son taimakawa, yaro ya zo ya zaɓi wanda yake so, wanda ya nuna su ma sun ji nauyin abin. Ni zan ƙara biyu. A gaya wa iyalin can sunayen duk yaran gidan, su rubuta shida a kati ɗaya, kuɗinsa bai ƙaru ba. Sannan a daina sa yaro ya amsa a Janairu. A bar shi har Sallah ta matso, idan ya ga dama ya zana nasa katin, da ragonsa da sabuwar hularsa, ya aika musu ranar farin cikinsa. Ofishin zai sha wahala, domin Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ba ta zauna a kalandarsu ba. Iyalin da ke Faransa ko Kanada su ma sai sun koyi tambayar yaushe za a ga wata a Bangui.