Nasiha Ga Muridi Bisa Riƙon 'Yan'uwansa Na Halƙa

Da sunan Allah munka fara. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya kai muridi, Allah Ya yi muwafaƙa gare mu da kai, shaihi shi ke ba ka wuridi, shi ke ba ka izini, amma ba gabansa halinka ke bayyana ba. Gaban shaihi kowa salihi ne: ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka sadda kai, ka sassauta murya, sa'a guda ka tashi. Wanda ya san ka shi ne ɗan'uwanka da kuke kwana zaure ɗaya, kuna cin tuwo akushi ɗaya. Shi ya ga girman lomarka ran da tuwo ya yi kaɗan, ya ga fuskarka sa'ad da anka tashe ka da asuba cikin ɗari, ya ji abin da ka faɗi ran da anka sa wani ya ja zikiri anka bar ka.

To, muƙaddamci ɗaukar nauyin mutane ne. Mai shi zai raba sadaka tsakanin almajirai ba son kai, ya sulhunta biyu da sunka ɓata, ya ji magana mai ɗaci ya haɗiye. Wannan ana karanta falalarsa cikin littattafai, amma iyawarsa cikin halƙa take, inda yau kai ke biya wa ɗan'uwanka karatu, gobe shi ke kama maka kuskure gaban jama'a, kuma ba ka da girman da za ka hana shi.

Fasali. Dubi jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi, zamanin da suna Ɗegel, tun ba a yi hijira zuwa Gudu ba cikin shekara ta 1218, wato 1804. Sa'an nan ba sarauta ba tuta, sai karatu da wa'azi da wuridin Ƙadiriyya. Nan Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya zamna, da Umaru Alkammu aminin Shehu, da Yakubu wanda ya kafa Bauchi daga baya. Nan kuma Muhammadu Bello ya tashi da amininsa Gidado ɗan Laima. Da Shehu ya rasu cikin 1232, wato 1817, anka yi wa Bello mubaya'a, sai Gidado ya zama wazirinsa. Ka lura, ya ɗan'uwa: mutum ne da ya san Bello tun bai zama Sarkin Musulmi ba, ya sha wahalar hijira da yunwa tare da shi. Irin wannan in ya yi shawara, ba tsoron rawani ke cikinta ba. Gidado shi ne mijin Nana Asma'u 'yar Shehu, kuma waziranci ya zamna cikin zuriyarsa, Waziri Junaidu daga cikinsu yake.

In ka ce: ai abokai su ke ɓata mutum, halwa ta fi aminci. Sai mu ce: gaskiya ne akwai abokin da hirarsa naman mutane ce, wannan ka guje shi ko da tasbaharsa ta kai ƙasa. Amma halwa kwanaki ne ƙidayayyu, da izinin shaihi, sa'an nan ka fito. Mai zama shi kaɗai yana tsammanin ya kashe fushinsa, alhali ba wanda ya taka shi ne.

Na ga wani, ba ni faɗin sunansa, Allah Ya rufa asirinmu da nasa. Ran da anka ba shi izinin ba da wuridi, sai ya janye buzunsa daga na 'yan'uwansa, ya bar cin abinci da su, wanda ya kira shi da sunan da anka saba ya ɓata rai. Sunka ja baya, don ba mai son wulaƙanci. Sababbin muridai sunka kewaye shi, kome ya faɗi sai su ce na'am. Ya yi shekara yana lahani cikin wani lafazi na wuridi, suna koyo daga bakinsa, ba mai iya cewa uffan, sai da wani tsohon abokin zaurensa ya biyo baƙunci ya ji, ya ja shi waje ya gaya masa. Ya yi kuka, ya gyara, amma waɗanda sunka riga sunka watsu da shi cikin ƙauyuka fa?

Saboda haka ka nemi mutum uku ko huɗu cikin tsaranka masu kiyaye salla kan lokacinta. Ku zamna daren Juma'a bayan wuridi, jan zikiri ya riƙa kewayawa, kada ya tsaya ga mai daɗin murya. Ku yi alkawari wanda ya ga aibi ga ɗan'uwansa ya gaya masa a asirce, kada labari ya kwana bakin na uku. In an ɗaukaka ɗayanku, sauran su girmama shi gaban mutane, shi kuwa kada ya ɗauke musu wannan alkawari. Allah Shi ne masani. Wassalamu.