WANDA YA CI BASHI YA BIYA BASHI, SHIN YA BIYA?

 

Ya ku 'yan'uwa samari, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, ba cin bashi muke zargi ba. Tambayarmu ita ce: mutumin da ya karɓo bashi mai ruwa ya toshe wani bashi mai ruwa, ya sauke nauyi ne ko kuwa?

A Amurka da Ingila da katin bashi na banki ake yin wannan. Idan bashin kati ɗaya ya yi wa mutum nauyi, sai ya mayar da shi kan wani katin, a cire masa ladan mayarwa, a ɗaga masa ƙafa na wasu watanni, sannan ruwa ya dawo. Mu nan Dutsin-Ma da Kurfi katin bai yaɗu ba, amma ga ɗan'uwansa a aljihun kowa, wato manhajojin ba da rance na waya. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko ɗan acaɓa, ko mai shago a Kurfi, ya latsa waya, kafin ya ƙare shan shayi kuɗi sun shigo. Ba jingina, ba shaidu.

Mu yi lissafi, misali ne kawai. A ce ka karɓi N20,000 a kan ruwa kashi 30 cikin ɗari a wata. Wata ya cika, ana binka N26,000, ba ka da su. Ka karɓo a manhaja ta biyu ka biya ta farko, yanzu N33,800 ke kanka. Ta uku, N43,940. Wata uku ke nan, bashi ya wuce ninki biyu, alhali kai N20,000 kaɗai ka ci. Ina biya a nan? Mai binka ne kurum ya sake suna.

Malaman tafsiri sun bayyana yadda ribar jahiliyya take: wa'adi ya cika, mai kuɗi ya ba ka zaɓi, ko ka biya ko ya ƙara maka lokaci ya ƙara kuɗi. Ita ce aka haramta a ƙarshen Suratul Baƙara, inda kuma aka umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci. To, ku duba da kyau. Wancan mutum ɗaya ne ke sayar da jinkiri, yanzu kamfani biyu ne, amma hajar ba ta canza ba.

Wani zai ce, ai Malam lalura ce, mutuncina nake tsarewa. Wannan magana ba ta banza ba ce, domin da kunya suke kama mutane. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar Naira miliyan 10, cikin laifinsa har da aika saƙo ga mutanen da ke cikin wayar masu bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu irin waɗannan kamfanoni a Legas. Tsoron a aika wa surukinka saƙo tsoro ne na gaske. Amma fa kunyar da ka saya da bashi na biyu ta wata ɗaya ce, ranar tonon tana nan, kuma da kuɗi mafi yawa. Lalura kuwa ana auna ta da abin da ke kawar da cuta, wannan ƙara ta yake yi.

Kada kuma a fahimce mu a karkace. Idan wanka ko abokinka ya ranta maka N26,000 ba ƙarin ko kwabo, ka je ka kashe bashin ruwan, wannan ma bashi ne ya biya bashi, amma ya halatta, shi kuma yana da lada. Haka hawala da ke cikin littattafan fiƙihu: ana binka, kai ma kana bin wani, ka tura mai binka wajensa, adadi bai ƙaru ba.

Abin da ke da wuya shi ne buɗe baki. Ka sami mahaifinka ko yayanka tun bashin yana na farko, ka faɗa masa adadin gaskiya, kada ka rage. In akwai abin sayarwa, ko da wayar ce, a sayar. In ya ranta maka, ku rubuta, ku sa shaidu biyu da ranar biya.