Rariya da Hannun Mai Tankaɗe: Tsokaci a Kan Manhajar Tantance Masu Neman Aiki

Gabatarwa

Duk wanda ya dubi sunayen mazaɓun birnin Jalingo da idon basira zai tarar da cewa akasarinsu sunayen sarautu ne: Turaki, da Barade, da Majidaɗi, da Sarkin Dawaki, da Sintali. Sunayen suna tuna mana da zamanin da ake ba mutum muƙami a gaban sarki, ana ganin fuskarsa, an san gidan da ya fito, kuma an san wanda ya naɗa masa rawani. In ya yi abin kirki yabo ya koma ga wanda ya zaɓo shi, in ya ɓata kuma kowa ya san ƙofar da za a kai kuka. A yau matashin da ke zaune a Turaki, wanda ya gama Jami'ar Jihar Taraba ko Jami'ar Tarayya ta Wukari, yana neman aiki ne ta hanyar cika fom a shafin intanet, sa'an nan wata manhaja ta karɓi takardunsa, ta auna su, ta yanke ko idon ɗan Adam zai gan su ko ba zai gan su ba.

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan tambaya guda ɗaya. Idan shugaban ma'aikata, ko mai kamfani, ko magatakardar jami'a ya zauna zai zaɓi irin wannan manhaja, shin ya sauke nauyin adalci daga wuyansa ya ɗora wa na'ura ke nan, ko kuwa nauyin yana nan inda yake?

Abin da ya sa ake bukatar rariya

Adalci ne mu fara da yi wa na'urar adalci. A ranar 15 ga Maris, 2014, Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ta kira masu neman aiki su hallara a filayen wasa domin jarrabawa. Guraben ba su kai 5,000 ba, masu nema kuwa sun haura 500,000, kuma kowannensu ya biya Naira 1,000 lokacin da ya yi rajista ta intanet. A turmutsitsin da ya biyo baya a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 16 suka rasa rayukansu. Abin lura a nan shi ne, an yi amfani da kwamfuta wajen karɓar suna da kuɗi, amma ba a rage taron zuwa adadin da fili zai ɗauka ba. Da an tace tun a ofis, da iyaye da yawa ba su karɓi gawa a maimakon takardar kama aiki ba.

Dalili na biyu shi ne cutar da muka daɗe muna fama da ita, wato sanayya. Kowa ya san labarin takardar da babban mutum kan rubuta a bayan katinsa, da gurbin da ake sayarwa, da sunan da ake cusawa da daddare. Ba yau aka fara kuka da wannan ba, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki al'adar kai gaisuwa ga masu mulki a cikin Kitabul Farƙi. Haka nan son zuciyar mai tantancewa ba ciwon ƙasarmu ba ne kaɗai. A shekarar 2004 wasu masana biyu a Amurka, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun buga sakamakon gwajin da suka yi a biranen Boston da Chicago, inda suka aika da takardun neman aiki kusan 5,000 masu kama da juna, wasu da sunayen da aka san Turawa da su, wasu da sunayen baƙar fata. Takardun da ke ɗauke da sunayen Turawa sun sami kira da rinjayen kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka wanda ya ce na'ura ba ta da kawu, ba ta karɓar goro, ba ta gajiya bayan takarda ta ɗari, ya faɗi gaskiya, kuma ɗan talaka yana da hujjar yin maraba da ita.

Wane ne ya huda rariyar?

Sai dai mu tsaya mu dubi yadda abin yake aiki. Manhajar tana karanta takardar tarihin karatu da aiki ta mai nema, ta rarraba abin da ke ciki gida-gida: suna, da shekaru, da matakin digiri, da wuraren da aka yi aiki. Daga nan sai ta gwada su da sharuɗɗan da aka ba ta. Wanda ya saɓa wa sharaɗi na dole ta fitar da shi nan take, sauran kuma ta jera su bisa yawan kalmomin da suka dace da na tallar aikin. Wannan aikin rariya ne sak. Gari ya wuce, tsaki ya tsaya. To amma rariya ba ta san gari ba, ba ta san tsaki ba. Girman idonta kaɗai ke yanke hukunci, idon nan kuwa mutum ne ya huda shi.

Bari mu ɗauki sharaɗin shekaru, wanda ya fi kowanne sauƙin sakawa a na'ura. A ce wani kamfani ya rubuta cewa kada mai nema ya wuce shekara 26. Ɗalibin da ya shiga jami'ar gwamnati ya ci karo da yajin aikin malamai na wata tara a 2020, da wani na wata takwas a 2022, ga annobar korona a tsakani, ga shekarar bautar ƙasa a ƙarshe. Takwaransa da iyayensa suka biya masa jami'a mai zaman kanta bai rasa ko zango ɗaya ba saboda yajin aiki. A fuska sharaɗin bai ambaci dukiya ba, amma a aikace ya raba ɗan mai hali da ɗan talaka, kuma na'urar za ta zartar da shi sau dubu ɗari ba tare da ta taɓa jin nauyi ba.

Sai batun suna, wanda ya shafe mu kai tsaye. Mutum ɗaya ne Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mamman kuma a bakin mahaifiyarsa. Wani ya ɗauki sunan garinsu a matsayin sunan uba, wani kuma an juya masa suna na farko ya koma na ƙarshe. Akawun da ya tashi a cikinmu zai gane cewa mutum ɗaya ne da kallo guda, manhajar da ke neman harafi ya dace da harafi kuwa tana iya ganin mutum uku, ko ta ga maƙaryaci ɗaya. Haka abin yake ga macen da ta yi shekara huɗu tana reno, da wanda rikici ya raba shi da garinsu ya zauna ba aiki. Giɓin da ke cikin takardunsu labari ne mai dalili, amma ga na'urar da aka ce ta rage makin mai giɓi, giɓi ne kawai. Ga kuma matashin da ke can ƙauyukan tsaunin Mambila, wanda sai ya yi tafiya ya biya mai shagon intanet ya cika masa fom, a rubutun da mai shagon ya riga ya yi wa mutum hamsin kafinsa. Kafin a auna iliminsa an riga an auna nisan gidansu da wutar lantarki.

Akwai kuma sabon nau'i na manhaja wanda ba a ba shi sharuɗɗa da hannu, sai dai a nuna masa takardun waɗanda aka ɗauka a baya ya koyi kamanninsu. Kamfanin Amazon ya fara gina irin wannan a 2014, ya ciyar da shi takardun shekara goma, waɗanda mafi yawansu na maza ne. Na'urar ta koyi darasin da kyau, har ta riƙa rage makin takardar da ta ambaci ƙungiyar mata, da na waɗanda suka fito daga wasu kwalejoji biyu na mata zalla. Kamfanin ya watsar da aikin, kamfanin dillancin labarai na Reuters kuma ya bayyana labarin a 2018. Idan wannan ya faru a hannun ƙwararrun da suka ƙera abin da kansu, me zai faru a ma'aikatar da aka shafe shekara talatin ana ɗaukar 'yan gida ɗaya, sa'an nan aka ce wa na'ura ta nemo masu kama da su? Za ta mayar mana da sanayyar jiya cikin rigar lissafi, mu kuwa mu yi tsammanin mun warke. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan.

Inda hatsarin ya fi girma

A ganinmu, kuskuren na'ura bai kai wani abu da take haifarwa a zuciyar mai amfani da ita muni ba. Jami'in da ya hana mutum aiki saboda ƙabilarsa ya san ya yi zalunci. Yana iya jin kunya, ana iya kai ƙararsa, wata rana yana iya tuba. Jami'in da ya ce kwamfuta ce ta fitar da kai ya sami mafaka wadda ba ta yoyo. Bai ga fuskarka ba, bai karanta takardarka ba, kuma zai yi barci da zuciya fara. Zaluncin ya auku, amma an rasa azzalumi, wanda aka zalunta kuma ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Daga nan ne mai nema yakan fara zargin kansa, ya ɗauka cewa shi ne bai isa ba, alhali wataƙila harafi ɗaya ne a sunansa ya kayar da shi.

Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta wakili da kayan aiki. Wakili yana da hankali da niyya, don haka yana ɗaukar rabonsa na alhaki. Kayan aiki kuwa alhakinsa yana kan mai riƙe da shi, shi ya sa ba a taɓa gurfanar da mudu a gaban alƙali ba, sai mai awo. Manhaja, komai ƙwarewarta, mudu ce. Wanda ya saye ta, ya amince da sharuɗɗanta, ya sa hannu a jerin sunayen da ta fitar, shi ne mai awon, ko da bai fahimci yadda take lissafi ba. Rashin fahimtar ma ƙarin laifi ne, domin ba a tilasta masa ya auna haƙƙin mutane da abin da bai sani ba.

Wannan magana tana da nauyi na musamman a Taraba. Tun da aka ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991, ƙananan hukumominta 16 suke ɗauke da Mumuye da Jukun da Fulani da Kuteb da Tibi da Camba da Mambila da Hausawa da wasu al'ummu masu yawa. A irin wannan wuri jerin sunayen waɗanda aka ɗauka aiki takarda ce da kowa ke karantawa yana neman nasa. Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa gwamnatoci su kiyaye daidaiton wakilci a ma'aikatunsu, an kuma kafa Hukumar Daidaiton Wakilci ta Tarayya tun 1996 saboda haka. Manhajar da aka ƙera a wata ƙasa ba ta san wannan tarihi ba, sai an sanar da ita, kuma sai an duba abin da ta fitar.

Tambayoyin da ya kamata mai zaɓe ya yi

Bisa ga abin da ya gabata, farashi da saurin aiki ba su isa su zama ma'aunin zaɓen manhaja ba. Kamata ya yi mai saye ya tambayi dillali ko manhajar za ta iya faɗin dalilin da ya sa ta fitar da kowane mutum, cikin maganar da shi mutumin zai fahimta. Ya gwada ta da takardu na gaske daga Gembu da Karim Lamiɗo da Takum, masu sunaye iri-iri da rubutun shagon intanet, ya ga waɗanda take zubarwa. Ya dubi kowane sharaɗi na dole ya tambayi kansa ko aikin ne ke bukatarsa, ko kuwa an saka shi ne don kawai a rage yawan takardu. Ya ware mutanen da za su riƙa ɗebo wani kaso daga cikin tsakin suna karantawa da idonsu. A ƙarshe ya buɗe ƙofar ƙorafi wadda akwai mutum mai suna a bayanta.

Waɗannan ba mafarkin malaman adabi ba ne. Birnin New York ya fara aiwatar da wata doka a Yulin 2023 wadda ta wajabta a riƙa binciken irin waɗannan manhajoji duk shekara don gano son kai, a buga sakamakon, a kuma sanar da masu nema cewa na'ura za ta auna su. A nan gida, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai tasiri a rayuwarsa ta hanyar na'ura kaɗai, da haƙƙin neman ɗan Adam ya sa baki, da na ƙalubalantar hukuncin. Ɗalibanmu da za su fita neman aiki ya kamata su san wannan haƙƙi nasu, domin dokar da mai ita bai san da ita ba tamkar rijiya ce a gidan da ba guga.

Kammalawa

Mun ga cewa yawan masu nema da cutar sanayya sun sa rariya ta zama dole, mun kuma ga cewa idon rariyar hukunci ne na ɗan Adam, wanda ke iya ɗauke da tsohon son zuciya ko sabon sakaci. Amsar tambayarmu ke nan: nauyin yana nan inda yake, har ma ya ƙaru, domin sharaɗi ɗaya da aka saka cikin gaggawa yana iya rufe ƙofa ga dubban mutane a dare guda. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla a yau su ne za su zauna a kujerun ɗaukar ma'aikata nan da 'yan shekaru. Idan ranar ta zo, muna fata za su nemi a kawo musu jerin waɗanda na'ura ta zubar kafin su sa hannu a jerin waɗanda ta zaɓa, su karanta ko da sunaye ashirin ne, su tabbata za su iya faɗa wa kowannensu dalili ido da ido.